Kada Ka Sauke Ramatu a Dindir

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Daga Abu Hujar, daga hannun mahaifinka, zuwa ga Na-Kulu. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka, da iyalinka, da jikata, amaryata Ramatu. Allah ya sa ku hau lafiya ku sauka lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da gaggawar direban lori, ya sa Managil ta karɓe ku da alheri, hawashar da za ka noma, wato gonar audugar nan, ta yi albarka. Amin.

Bayan haka, za ka yi mamakin takarda daga mutumin da katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da naka. Kai ɗan fari ne, ka kuma san al'adarmu. Ban taɓa zaunar da kai na yi doguwar magana da kai ba, kuma ba a kan tsufana zan fara ba, bakina ba zai iya ba. Na rubuta da ajami da hannuna don ban yarda kowa ya rubuta mini ba. A garin nan in ka yi atishawa da hantsi, kafin azahar an yi maka sannu da mura a bakin kogi. Ka karanta da kanka, kuma ka gama kafin lori ya kai Sinja, inda hanyar Dindir ke rabuwa da taku.

Na san ana ce mini mai zargi, har ƙannenka suna faɗa in sun ɗauka ba na ji. To, bari in gaya maka abin da idona ya gani, kai ka yi hukunci. Yayata Kulu, gwaggonka ta Dindir, ta shekara biyu ba ta taka Abu Hujar ba, kullum ƙafa ke ciwo. Da labari ya kai mata cewa matarka na da juna biyu alhali Ramatu ba ta bar nono ba, sai ƙafa ta warke. Ta zo ba aike, da 'yar riga ja, da alawar riɗi, da munduwar ƙafa. Munduwar ta zauna wa yarinya daidai kamar an gwada. Wa ya ba ta awo? Ta kwana uku, kullum Ramatu na bisa cinyarta. Ran da za ta koma ka raka ta tasha, rakiyar da ba ta wuce shan shayi ɗaya ba, amma sai da aka kira la'asar ka dawo. Shekaranjiya kuma ka ce mini, kana kallon ƙasa, wai za ku biya Dindir ku yi wa Inna sallama, wato ita Kulun. Mutumin da zai je sallama kawai ba ya kallon ƙasa.

Na kuma ji abin da ta ce wa matarka a bakin murhu, don ina bayan danga ina gyaran igiyar akuya, ba laɓe na yi ba. Cewa ta yi: "Ke ɗiyata, nonon ciki dahi na. Ki ba ni ita in yaye maki, wata guda bas, ba ƙari, in ta mance nono sai ku aiko a kawo ta. Can Managil wa kika sani? Ga ciki, ga goyo, ga aikin auduga. Halas, shi ke nan, ki huta." Matarka kuwa sai juya wainar kisira take yi har ta ƙone.

Na san maganar nan, domin da ita aka karɓe ka daga hannuna.

Kana da shekara ɗaya da 'yan watanni mahaifiyarka ta samu cikin Hamidu. Kwanika ke nan, kuma a lokacinmu abin kunya ne ƙwarai, tsofaffi har tsokanata suke yi a masallaci. Na ga ka gado ni a wannan, Allah ya shirye mu baki ɗaya. Kunya ta sa ba na iya ɗaga kai, sai ga Yaya Kulu ta zo. Allah bai ba ta haihuwa ba, ita ce kuma ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu a hanyar zuwa ƙasar nan. Ta ce: "Garba, ba ni yaron ga in yaye shi. Kai dai ka san ba a barin ɗan hwari gaban uwa tai." Na ce to. Ban ce har yaushe ba. Ban sa rana ba, ban kira shaida ba, don a ganina uba ya tsaya yana ciniki a kan ɗan fari rashin kunya ne. Aka ɗora ka a jaki kana barci, ni kuwa na ɗauki fartanya na tafi gonar bakin kogi don kada a ce na damu.

Wata ya wuce, damina ta wuce. Ta yaya zan aika in ce a dawo mini da kai? Mutumin da ko sunanka ba ya faɗa, da wane baki zai ce yana kewarka? Duk wanda zai je Dindir sai in ce ya gaishe da Yaya, ya duba lafiyar awakinta. Su kuma su dawo su ba ni labarin awaki. Ranar da na daure na je da kaina, na tarar da kai a ƙofar gida kana cin dafaffiyar masara. Ka dube ni ka ruga ciki kana cewa, "Inna, ga baƙo!" Yaya Kulu ta yi dariya har da tafawa, ta ce: "Ka gani? Yaro ya san gidansu." Na sha ruwa, na yi sallar azahar, na juyo ni kaɗai.

Shawarata ta farko ke nan. Duk abin da za ka ji kunyar karɓowa, kada ka ba da shi aro. In kuwa dole ta sa, ka faɗi ranar dawowa da babbar murya a gaban mutane, ko da za a ce ba ka da ta ido. A ce maka marar kunya na yini ɗaya ya fi abin da na gani.

Ba na cewa gwaggonka ta cuce ka. Wallahi ba ta bar ka da yunwa ba, ba ta bar ka da tsumma ba, ita ta kai ka makarantar allo, karatun da kake karanta wannan takarda da shi ma nata ne. Tana son ka, so na gaskiya. Amma ka lura, mai son yaro irin wannan so ba ya mayarwa. Sai da ka isa riƙe fartanya, mijinta ya rasu, gonar riɗinsu ta gagare ta, sannan ta yarda ka dawo, shi ma don na ce zan riƙa aika mata da dawa. Yanzu ta tsufa, gidan ya yi mata faɗi, ba mai ɗebo mata ruwa, ba mai kora mata awaki. Ka tambayi kanka, yarinyar da aka yaye a wannan gida, wa zai sake ta in ta kai shekara bakwai, lokacin da hannunta ya fara amfani?

Akwai abin da ya faru bayan dawowarka wanda na san ba ka manta ba, ko da ba mu taɓa tayar da shi ba. Larabawan da muke maƙwabtaka da su a gona suna kiran mutum da sunan babban ɗansa, abin alfahari ne a wurinsu. Ni Abu Hamid suke ce mini, don Hamidu suka sani. Rannan muna shan jabana, gahawar nan tasu, a gindin bishiya, kana gefe kana ɗaure buhun albasa, ɗayansu ya nuna ka ya ce: "Ya Abu Hamid, al walad da, yaron nan, na wane ne?" Na buɗe baki, kunya ta riƙe ni, na ce ɗan 'yar'uwata ne. Na ga hannunka ya tsaya a kan igiya, sannan ka ci gaba da ɗauri. A ranar na ɗauka ladabi na yi irin na iyayenmu. Kai kuwa yaro ne, abin da kunnenka ya ji shi ka ɗauka.

Don haka ka kiyaye. Kunyar ɗan fari tamu ce, ban ce ka yar da ita ba, kada in ji an ce kana yawo da Ramatu a kafaɗa cikin kasuwar Managil kana kiran sunanta kamar mai talla. Amma kunya a gaban mutane ake yin ta. Yaro ba ya gane kunya, ƙi yake gani. In kun shiga ɗaki ka ɗauke ta, ka ba ta abin da ke bakinka. In wani ya tambaye ka ɗiyar wa ce, ka ce taka ce, ƙasa ba za ta tsage ba.

Da aka haifi Hamidu sai na faɗa wani ramin. Duk abin da na hana kaina a kanka na juye shi a kansa. Ban yarda kowa ya ɗauke shi ba. Mace ta ce yaron nan ya yi ƙiba, sai in kwana ina tofa masa addu'a, ina tunanin me take nufi. Ƙanwar mahaifiyarka ta roƙa ya je mata kwana biyu, na ce yana tari, alhali lafiyarsa ƙalau. Na hana shi zuwa kogi da yara, na hana shi hawa jaki. Ga shi nan yau, ƙato da gemu, ɗan manomin bakin kogi, bai iya iyo ba, in zai shiga kwalekwale sai ya karanta duk abin da ya haddace. Kome zai yi sai ya waiwayo ya ga ko ina kallo. Ni na mai da shi haka. In Allah ya sauki matarka lafiya, kada ka biya wani yaro bashin wani. Kowane da nasa rabon a wurinka, kuma ba a ba wa ɗaya ninki biyu a ce an yi adalci.

Balkisu kuwa a Jazira aka haife ta, shekarar da kogi ya cinye mana gona muka tafi tsinkar auduga a hawashar wani. A bukkar kara ta zo duniya, cikin tsakiyar aiki, kuma ba zan ɓoye maka ba, da aka yi mini albishir abin da ya fara zo mini shi ne hannun mahaifiyarka ya fita daga aiki. Allah ya yafe mini. Amma babban kuskurena a kanta ya zo ne da aka haifi Usmanu. Balkisu ba ta fi shekara huɗu ba, muka wayi gari muka mai da ita babba. Jiya ita ake goyo, yau ita ke goyo. A ɗaura mata jariri, ƙafafunsa na dukan bayan gwiwarta, ta bi mu gona a haka. In ya yi kuka ita ake yi wa tsawa. Rannan na dawo na same ta bayan rumbu ta sauke shi a ƙasa, ta kwanta kusa da shi tana tsotson zanen mahaifiyarta. Na ɗaga murya zan yi faɗa, ta dube ni ta ce: "Baba, ni wa zai goya ni?" Na wuce na ɗaure jaki.

Wannan ya shafi Ramatu kai tsaye, shi ya sa na kawo shi. Ran da aka haifi ƙaninta ko ƙanwarta, ba za ta ƙara ko taƙi ɗaya a tsawo ba. Jaririya ce jiya, jaririya ce gobe. Za ta yi rigima, za ta koma fitsarin kwance, za ta ce sai an ba ta nonon da ta bari. Lokacin ne masu ba da shawara za su taso maka, kowa da tasa, a ce ai da kun kai ta wurin tsohuwa da kun huta. Ka lura da bakin da ya fi kowa tausaya maka, galibi shi ke da wurin da yake so a kai ta. Abin da take bukata kaɗan ne: in uwar na shayarwa, kai ka ɗora ta a ƙafarka. Yaye kuma ba sai an haye kogi ba. A shafa wa nono maɗaci, a dama mata kunu da madarar akuya, ta yi kukanta na 'yan kwanaki a ɗakin uwarta, ta gama. Haka muka yaye Usmanu, ga shi nan ya fi ku duka ci.

Game da Usmanu ba ni da dogon bayani. Lokacin da ya zo na gaji, na sake masa linzami, shi ya sa yake amsa mini da Larabci in na yi masa Hausa. Ka dai sani ƙarfin uba ƙarewa yake yi kamar dawa a rumbu, kada ka cinye shi duka a kan na farko da na biyu.

A Managil za ka zauna cikin mutanen da ba su san ubanka ba. Za ka ga masu fara'a da yawa. Wanda ya fara kawo maka shayi ranar da ka sauka, ka sha ka gode, amma kada ka ba shi labarin gidanka sai ka ga wanda yake gaisawa da shi. Ka hana Ramatu zuwa bakin tura'a, wato magudanar ruwan da ke bi ta gefen gonaki. Ruwanta a kwance yake kamar ba kome, amma gefenta santsi ne, kuma yana sa yara fitsarin jini. Matar da za ta karɓi haihuwa ka neme ta tun yanzu, ka tambayi mata biyu ko uku a kanta, kowace daban, ka ga ko bakinsu ya zo ɗaya.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, don da na yi niyyar in yi shiru kamar yadda na saba. Yau da hantsi na shiga cikin gida neman wuƙar yankan kuɓewa, sai na tarar da mahaifiyarka a ɗakinku tana haɗa kaya. Kayan matarka na cikin akwatin ƙarfe. Na Ramatu kuwa an ware su daban, an ƙulle a ɗan zane, har da 'yar rigar nan ja da ƙoƙon kununta. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, ashe da ita aka ƙulla, ni kaɗai aka mayar bare a gidana. Na ce mata: "Ke ma da ke a ciki? Wa ya ce ki ware kayan yarinyar nan?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce: "Uwar ɗiya tac ce in ɗaure mata, ita hannunta ya ƙi. Mijinta ya hwaɗa mata jiya, ya riga ya amsa ma Innarshi."

Na ce: "Ita ta yarda?"

Ta ce: "Wa ya tambaye ta?"

Na tsaya kamar wawa, na manta da wuƙar da na zo nema. Shekara kusan talatin muna ɗaki ɗaya da matar nan, na zargi yayata, na zargi maƙwabta, na zargi duk wanda ya yaba mini yaro, amma ban taɓa tambayarta yadda ta ji ran da aka ɗora ka a jaki ba. Yau na tambaya. Ta daɗe tana murza bakin zanen, sannan ta ce: "Malam, nono ya yi sati yana zuba, ina matse shi bayan ɗaki don kada a gani. Kai kana gona. Da ka tambaye ni ran nan, da na ce a'a, ko da za a kore ni garin ga. Yanzu mi tambayarka za ta yi mani?"

Ka dubi yadda kake da ita. Kana girmama ta, ban ce ba ka yi. Kana kawo mata itace, kana durƙusawa ka gaishe ta. Amma gwaggonka kake kira Inna, ita kuwa har yau ba ka da sunan da kake kiranta da shi, sai ka yi sallama ka tsaya har ta juyo. Ba laifinka ba ne, ba ta kuma taɓa kai ƙara ba. Ina so dai ka dubi matarka a cikin lorin nan, ka ga ko haka kake so Ramatu ta riƙa tsaya mata a bakin ƙofa nan da shekara ashirin.

Na san abin da ke ɗaure ka. Ka ba da baki, kuma wadda ka ba wa ita ta raine ka, ba ka iya duban idonta ka ce a'a. Ni ma ban iya ba, har yau in ta kira sunana gabana faɗuwa yake yi. To ka ɗora a kaina. Ka ce mata Garba ya hana, ya rantse. Ta yi fushi da ni, ta ce na manta goyon da ta yi mini, ta ƙi amsa gaisuwata ran salla, zan ɗauka. Bayan kaka zan je da kaina in roƙe ta ta dawo Abu Hujar da awakinta, ga ɗakin da ka bari, ga jikoki suna shiga suna fita. In ta ƙi, ruwanta. Kaɗaicinta a wuyana yake, ni ƙaninta, ba a wuyan yarinyar da ba ta iya faɗin sunanta ba tukuna. In kana son yi mata sallama, ka bar iyalinka a Sinja ka je kai kaɗai ka dawo, don in ta sa yarinyar a cinya ba za ka iya ɗagawa ba.

Amma kafin duk wannan, ka tambayi matarka. Ba a gabana ba, ba a gaban gwaggonka ba, ba kuma irin tambayar da amsarta ke cikinta ba. In ta yi shiru kada ka ce ta yarda, ka jira.

Kai ne uban Ramatu, hukunci naka ne, ni iyakata takarda. Sai dai ka san abu guda. Ina tsaye mahaifiyarka ta kwance ƙullin nan da hannunta, ta fito da kayan matarka duka, ta shimfiɗa na Ramatu a can ƙasan akwati, ta mayar da na uwar a kai, ta rufe ta sa kwaɗo, ta ba surukarta makulli. Ba ta nemi izinina ba, ba ta kuma dube ni ba. Saboda haka in har ka ƙudura sai ka sauke yarinyar nan a Dindir, sai ka sa an sauko da akwati daga kan lori, ka karɓi makulli a hannun matarka, ka zazzage kayanta a gaban mutane, ka tsamo na ɗiyarta ɗaya bayan ɗaya da hannunka, tana kallo.

Allah ya kai ku Managil ku uku, ya sauki matarka lafiya ku zama huɗu a ɗaki ɗaya. Allah ya tsare ku daga zazzaɓi da sharrin ruwa da sharrin baki, ya ba ka haƙuri da basirar da ni ban samu da wuri ba. Ƙannenka suna gaishe ka. Ka gaya wa amaryata angonta tsoho yana nan yana jiran ta da alawa. Mahaifiyarka ba ta ba ni saƙo ba, tana bakin murhu tana yi muku guzuri.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifinka.